Zancen Asusu: Jirgin ruwan yawo, wuni ɗaya a Kwatano, da kuɗin akwatinmu

Zuwa ga ƴan uwa mata, ƴan asusu na Garhanga da ƙauyukan kewaye, da na Keita, Buza da Madawa, da duk inda wannan takarda ta isa.  Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran da ƙarfi ranar taro, kamar yadda muka saba.

Maganar wannan wata ta raba kawunan ƙungiyoyi da dama, har wasu sun tashi taro ba a yi addu'ar rufewa cikin daɗin rai ba. Tambayar ita ce: in an zo rabo, ya dace ƙungiya ta ɗebi kuɗin akwati ta tafi ganin teku? Abin da ya tayar da zancen wani ɗan bidiyo ne da yaranmu ƴan biɗa da ke Kwatano suka turo ta WhatsApp, ya yi ta yawo daga salula zuwa salula. A ciki an ga wani farin jirgin ruwa mai hawa-hawa ya tsaya a tashar jiragen ruwa, baƙi na sauka da huluna da na'urorin hoto, ana zuba su cikin kar don a zagaya da su gari. Kafin magariba sun koma ciki, jirgi ya ɗaga.

Ƴan mata-matan cikinmu suka ce: "Albasarmu tana tahiya Kurmi shekara da shekaru, mazanmu suna can, ɗiyanmu suna can. Mu ko Ƙonni wasunmu ba su taɓa wucewa ba. Mutuwa za mu yi ba mu ga ruwan ga ba?" Iyayenmu kuwa suka ce: "Ke ɗiyata, hatsin da munka samu bana ba shi kai mu damana, ke kina zancen yawo? Yawo na masu ƙoshi na." Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Kafin mu faɗi inda muka tsaya, bari mu fara sanin abin da muke gardama a kansa, don yawancinmu bidiyon kawai muka gani.

Wane irin jirgi ne wannan?

Jirgin ruwa iri biyu muka sani: na kaya, wanda ke kawo mana shinkafa, sukari da gwanjo, da kuma na fito, wanda ke ƙetarar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wannan na uku ne. Masu shigarsa ba wani wuri za su ba. Sun biya kuɗi ne don su kwana a cikinsa, su ci, su sha, su huta, ana yawo da su bisa teku, galibi kwana bakwai, wani lokaci fiye. A ƙarshe a mayar da su tashar da suka taso. Masauki ne mai tafiya, da ɗakunan kwana, wuraren cin abinci, kantuna, wurin wanka, likita, har da wurin renon yara.

Ɗaya daga cikin mafi girmansu a duniya, mai suna Icon of the Seas, ya fara aiki a watan Janairu na 2024 daga birnin Mayami na Amurka. Tsawonsa mita 365, hawansa 20, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ga ma'aikata sama da 2,000. Ku duba, ƙauyuka nawa ne a Adar za a haɗa kafin a kai wannan adadi? Waɗanda ke biyowa ta gaɓarmu ta Afirka ta Yamma ba su kai wannan ba, kuma jefi-jefi suke zuwa. Sukan tsaya Dakar, Banjul, Abijan, Takoradi ko Tema, Lome, da Kwatano.

Tsarin tafiyar guda ne. Da dare jirgi na tafiya, mutane na barci. Da safe su farka su ga sabon gari. A sauka a yi wuni, da yamma a koma, jirgi ya sake ɗagawa. Wanda ya kwana bakwai yana iya cewa ya taka ƙasa huɗu ko biyar, amma ba inda ya kwana.

Abu biyu muka lura da su tun daga nan. Na ɗaya, ana biyan kuɗin tafiyar gaba ɗaya tun makonni ko watanni kafin ranar tashi, kuma da yawan masu zuwa tsofaffi ne da suka gama aiki, suka daɗe suna tarawa. Na biyu, kuɗin da ake tallatawa ba shi ne duka ba. Mafi arha ɗaki ne na can ciki wanda ko taga ba shi da ita. Bayan shi akwai kuɗin jirgin sama zuwa tashar da za a taso, kuɗin tukuicin ma'aikata da ake ɗorawa kowace rana, kuɗin abin sha, kuɗin intanet, da kuɗin yawon gari a kowace tasha. Mu da muka san yadda kuɗin biki ke ninkuwa tsakanin ranar sa rana da ranar kai amarya, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Masu yi musu wanki da girki da shara kuwa, da yawansu ƴan Filifin ne, da Indiya da Indunusiya. Sukan yi wata shida zuwa tara bisa ruwa ba su ga iyalinsu ba, suna aiko kuɗi gida. Ashe su ma ƴan biɗa ne, kuma a can ma akwai mata irinmu da ke jiran aike.

Wuni ɗaya a Kwatano

To, me baƙon ke gani a wuninsa? Jirgi kan tsaya da safe ya tashi da yamma, wato awa takwas ko tara ke hannunsa, kuma ana so ya dawo tun kafin lokacin tashi. In ya bi yawon da kamfanin jirgin ya shirya, ko an makara za a jira shi. In ya fita da kansa ya makara, jirgi ba ya jira. Sai dai ya nemi kuɗin da zai bi shi tasha ta gaba. Tarar makara ta asusunmu, dala biyar ko goma, wasa ce kusa da wannan.

Saboda ƙarancin lokaci, dole ya zaɓa. Wasu a kai su Ganbiye, garin da ke bisa tafkin Nokuwe a arewa da Kwatano. Daga Abome-Kalabi ake shiga kwale-kwale. Gidajen garin bisa turaku suke a cikin ruwa, kuma kasuwarsa ma bisa ruwa take ci: mace na zaune cikin kwale-kwalenta da kifi, tumatir, barkono da itace, mai saye ta tuƙo nata ta iso. Kakanninsu sun shiga tafkin ne don gudun masu kamun bayi na masarautar Dahome, suka zauna har yau.

Wasu a kai su Wida, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. A can akwai hanyar da ake bi da bayi daga cikin gari zuwa bakin teku, kimanin kilomita 4, kuma a ƙarshenta an gina wata ƙofa ta tunawa a 1995, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Wannan wuri ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Cikin waɗanda aka yi lodinsu daga wannan gaɓa zuwa Bahiya ta ƙasar Burazil akwai Hausawa Musulmi, kuma tarihi ya rubuta cewa a farkon shekarun 1800 sun sha tayar da bore a can don neman ƴancinsu. Baƙo daga Turai ya san wannan labari, ya biya kuɗi ya zo ya tsaya a ƙofar. Mu da jininmu ya bi ta nan, yawancinmu ko ji ba mu taɓa yi ba.

Waɗanda suka tsaya cikin gari a nuna musu mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 da aka buɗe a 2022, a ratsa da su gefen kasuwar Dantokpa, su ɗauki hoto, a wuce. Da wuya a tsaya da su unguwar Zango, inda danginmu suke, inda ake jin Hausa kamar kana Tawa. Da wuya a nuna musu inda ake sauke buhunan albasa, ko rumfar da yaranmu ke shimfiɗa kwali su kwana. Wunin baƙo saman gari yake lasa.

Wa ke cin kuɗin baƙo?

A nan ne ya kamata mu ƴan asusu mu kasa kunne, don mu ƴan kasuwa ne. Baƙon nan ya karya kumallo cikin jirgi, kuma abincin darensa na jiransa cikin jirgi, ya riga ya biya. Barcinsa cikin jirgi. Kuɗin yawon gari ga kamfanin jirgi ya ba da shi, kamfanin ya cire rabonsa ya ba mai kar da mai jagora sauran. Abin da ke isa hannun matar da ke zaune bakin hanya da tirenta shi ne ɗan abin da baƙon ya ga dama ya saya cikin minti goman da aka ba shi, in ma an tsaya kusa da ita. Sau da yawa hotonta kawai ake ɗauka a tafi, shi ya sa matan Ganbiye da yawa ke kau da fuska in sun ga an ɗaga na'ura.

Har a ƙasashen masu kuɗi mutanen gari sun koka da haka. A birnin Benis na Italiya, wanda shi ma bisa ruwa yake, hukuma ta hana manyan jiragen nan shiga tsakiyar gari tun watan Agusta na 2021, bayan an daɗe ana kukan ɓarnar da suke yi wa gine-gine da ruwan garin.

Mu ma mun san irin wannan baƙunci. Sau nawa farar mota ta tsaya a garinmu, aka tara mu ƙarƙashin bishiya, aka ɗauki hoton akwatinmu mai makulli uku, aka tafi ko ƙosai ba a saya ba? Abin da ba mu ji daɗinsa ba, in Allah ya kai mu garin wasu, kada mu yi musu shi.

Ba yau muka fara shiga jirgin ruwa ba

Ga masu cewa teku ba namu ba ne, mu tuna da kakanninmu alhazan ƙasa. Kafin jirgin sama ya zama hanyar kowa, mutanen ƙasar Hausa, maza da mata, da ƙafa da jaki da raƙumi suke bi ta Cadi su shiga Sudan. Suna tafiya suna tsayawa aikin gona, wasu a gonakin auduga na Jazira, har su tara kuɗin jirgi. Daga Sawakin ko Bur Sudan su ƙetare Bahar Maliya su sauka Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, wasu ma can suka zauna, jikokinsu na nan a Sudan da Saudiyya har gobe. Yau daga wannan Jidda ɗin wani kamfanin Saudiyya mai suna AROYA ya fara yawo da mutane bisa Bahar Maliya tun watan Disamba na 2024.

Abin lura a labarin alhazan nan shi ne, kowane zango da guminsu suka biya shi kafin su wuce gaba. Ba su ci bashi don tafiya ba, kuma ba su taɓa rumbun gida ba.

Ruwa ba ya wasa

Mu mutanen tudu ne, mutanen duwatsu da ƙorama. Cikinmu wa ta iya iyo? Don haka wannan sashe a karanta shi sau biyu.

Ranar 13 ga Janairu 2012, wani babban jirgin yawo mai suna Costa Concordia ya bugi dutse kusa da wani tsibiri na Italiya ya kwanta a gefe, mutum 32 suka mutu. Tun daga nan aka ƙarfafa dokar cewa kafin jirgi ya bar tasha sai an nuna wa kowane fasinja rigar ceto da wurin da zai tsaya in an busa ƙaho. Kusa da mu kuma, ranar 26 ga Satumba 2002, jirgin fito na Sanigal mai suna Joola ya kife a gaɓar Gambiya. An gina shi don mutum ƙasa da 600, aka yi masa lodin fiye da ninki uku. Sama da mutum 1,800 suka mutu, cikinsu da mata ƴan kasuwa da ke kai kayan lambu Dakar, da ɗalibai masu komawa makaranta. Kowace shekara kuma muna jin labarin kwale-kwalen da suka kife a kogin Kwara da na Sakkwato, kusan kullum dalili guda: lodi ya yi yawa, ba rigar ceto, ko an yi tafiyar dare.

Wannan ya shafi zancen Kwatano kai tsaye. Hanyarmu ita ce Keita, Tawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, sannan a ƙetare kogi zuwa Malanbil, a bi Kandi da Faraku har bakin teku. Daga Yamai ma tafiyar ta haura kilomita 1,000, balle daga nan. Tun bayan abin da ya faru a watan Yuli na 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, matafiya suka koma ƙetarawa da kwale-kwale, da kayansu, da ƙarin kuɗi a kowace gaɓa. Mata ashirin da biyar da ba su iya ruwa ba, wasu da goyo, a cikin kwale-kwalen da mai shi ke son cikawa kafin ya tashi: mu dai ba za mu sa hannu a wannan ba.

Inda muka tsaya

Ga ra'ayinmu, kuma kowace ƙungiya tana da ikon yanke nata.

Ganin duniya haƙƙinmu ne, kuma yana da riba. Iyayenmu mata su ne suka ɗauki duwatsu bisa kai a aikin furojen Keita da aka fara a 1984, suka yi shingen dutse, suka haƙa ramukan dashe, har tsaunukan da suka zama fako suka sake yin itace. Tsarin Mata Masu Dubara da ya taso daga jahar Maraɗi a 1991 ya bazu har ƙasashen da ba mu san sunansu ba, ana koyi da mu. Matan da suka yi wannan ba za a ce musu ganin kogi ko teku ya fi ƙarfinsu ba. Ban da haka, wadda ta ga da idonta yadda ake sayar da buhun albasa a babbar kasuwa, ta ji farashinsa daga bakin mai saye, ba za ta sake yarda dillali ya zo bakin garka ya yanka mata abin da ya ga dama ba. Za ta fahimci dalilin da ya sa muke ta cewa a gyara rudu a adana albasa har ta yi daraja. Wadda kuma ta ga inda ɗanta ke kwana da irin dakon da yake yi, za ta riƙe kuɗin da ya aiko da hannu biyu. Gani ya kori ji.

Amma iyayenmu ma sun faɗi gaskiya, kuma tasu ce ke gaba. Kuɗin akwati yana da masu shi. Kuɗin rance jarin mai ƙuli-ƙuli ne, da mai kiwon rago, da mai sayen irin albasa. Asusun taimako na mai naƙudar da za a kai likita Keita ko Tawa cikin dare ne, da wadda gobara ta ci ɗakinta. Kuɗin rabo kuwa, a gidaje da yawa shi ne hatsin da zai haɗa bazara da kaka. In ƙungiya ta kaɗa ƙuri'a masu rinjaye suka ce a tafi yawo da shi, to an tilasta wa mafi talaucin cikinmu ta biya wa wasu hutu da tuwon ƴaƴanta. Ba za ta yi magana a taro ba, kunya za ta hana ta, amma zubi na gaba ba za ku gan ta ba. Haka ƙungiya ke mutuwa.

Saboda haka muke ba da shawarar a buɗe jaka ta uku, asusun buɗe ido, bisa waɗannan sharuɗɗa:

1. Shiga da son rai ne. Wadda ba ta shiga ba, ba a yi mata gori, ba a yi mata habaici.
2. Jakarsa dabam, shafinsa dabam a littafi. Ba a cika shi da kuɗin rance, ko na taimako, ko na tara.
3. Ba a cin bashi don tafiya, daga akwati ko daga waje. Wadda ake bin ta rance sai ta biya kafin a rubuta sunanta.
4. Wadda ta fasa saboda ciwo, haihuwa ko rasuwa, a mayar mata da kuɗinta cif.
5. In shekara ta zo da yunwa, a fasa tafiyar, kowa ta karɓi nata ta sayi hatsi.
6. Kowace ta shawarci maigida tun ranar da za ta fara zubi, kada a bari sai ana gobe tafiya. A nemi dattijo ɗaya ko biyu cikin muharramanmu su raka mu, kuma kuɗin motarsu ya shiga lissafi tun farko.

Ga lissafin, ku duba shi da masu ƙirga kuɗinku. In mace ta zuba dala 20 kowane mako, wato sefa 100, a mako 52 ta tara sefa 5,200. Mata 25 sun tara jika 130. In dala 50 ce, wato sefa 250, kowace ta tara jika 13 a shekara, mata 25 kuma jika 325. Kuɗin mota kada ku ɗauka daga bakin kowa, ku aika tasha a tambayo, zuwa da dawowa. Ku ɗora abinci, masauki, kuɗin shiga wurare da na kwale-kwale, sannan ku ware kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka tara don abin da ba a zata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zango-zango, kamar alhazan ƙasa

Ba sai an fara da teku ba. Zangon farko yana cikin jaharmu. Tafkin Tabalak na nan bisa hanyar Tawa zuwa Agadas, da masunta da kwale-kwalensu da garake a gefensa. Galmi na nan, garin da albasarmu ta ɗauki sunansa a kasuwannin duniya, inda za a ga yadda ake lodin manyan motoci masu tafiya Kurmi. Waɗannan ba su wuce kwana ɗaya ko biyu ba. A tambayi halin hanya wurin hukuma da direbobi kafin a sa rana.

Zango na biyu Yamai. Lokacin ɗari kogi cike yake. Ana iya tsayawa bisa gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, a ga faɗinsa. Akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, da namun daji, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a arewacin ƙasarmu, da masu saƙa da dukanci da ƙira suna aiki a gaban mutane. Akwai kasuwar Katako da babbar kasuwa. Mai son shiga ruwa ta shiga, amma da rana, da rigar ceto a jikin kowa, a ƙirga mutane kafin a tashi, kuma in mai jirgi ya ce a ƙara mutum ɗaya bayan an cika, mu sauka. A kogin akwai dorina, kada a roƙi matuƙi ya matsa kusa don a gani da kyau.

Zango na uku teku, ranar da gada ta buɗe, hanya ta kwanta, jaka ta cika. Kafin nan kowace ta tabbatar tana da katin ɗan ƙasa da katin allurar shawara, a kuma tambayi hukuma takardun da ake nema a lokacin.

A kowane zango mu ari abin kirkin da ke cikin tsarin masu jirgin, mu bar musu sauran. A biya komai tun kafin a tashi. A zaɓi wuri biyu ko uku kacal a wuni, kada a ce sai an ga duka. A sa lokaci da wurin haɗuwa, a rubuta lambar shugaba a takarda a ba kowa ta ƙulle a bakin zane. A yi tafiya bibbiyu, mai karatu da marar karatu. Sannan mu yi abin da su ba sa yi: mu sauka wurin danginmu, mu ci abincin matan gari mu biya, mu sayi tsaraba daga hannun wadda ta yi ta, mu nemi izini kafin mu ɗauki hoton kowa. In akwai ƙungiyar asusu a garin, mu aika musu tun da wuri, mu zauna taronsu, mu ga littafinsu su ga namu. Sakatariya ta tafi da littafi da biro, ta rubuta farashin albasa, wake, gyaɗa da tabarma a kowace kasuwa, in an dawo a karanta wa waɗanda suka tsare gida.

Aikin taro mai zuwa

Kowace shugaba ta karanta sharuɗɗan nan shida a gaban kowa, ta bar mata su yi magana, musamman masu shiru. In za a kaɗa ƙuri'a, a yi ta da tsakuwa cikin ƙwarya a rufe, don kada wata ta ɗaga hannu saboda kunyar uwar mijinta ko kishiyarta. Ƙungiyar da ta amince ta aiko mana da adadin waɗanda suka shiga da nawa za su riƙa zubawa, ta hannun mai rarraba wannan takarda, don mu ga ko ƙungiyoyi biyu ko uku za su haɗa mota guda. Wadda ba ta amince ba ita ma ta aiko da dalilinta, za mu buga shi yadda ta faɗa. Muna kuma roƙon Hajiyoyinmu da tsofaffin da iyayensu suka yi hajjin ƙasa, ku ba jikokinku labarin ƙetare Bahar Maliya su rubuto mana.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen rancen irin albasa da lokacin da ya dace a biya shi. Allah ya sa albarka cikin zubinmu, ya tsare ƴan biɗarmu na tudu da na ruwa, ya dawo mana da su lafiya. Mu kwana nan.